Tsayayyiya ko Sabuwa: Zaɓin da Ke Jiran Kwamfutocin Ofisoshin Gwamnati

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ta zo ta wuce a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ba tare da wata alama ba. Kwamfutoci sun kama aiki kamar kullum, firintoci sun fitar da takardu, an rufe ofisoshi a kan kari. Amma daga wannan rana ce kamfanin Microsoft ya daina aika facin tsaro kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ta fito a Yulin 2015 kuma ta shafe shekara goma tana tafiyar da kwamfutocin ofisoshi a duniya. A rana guda ɗin kuma tallafin Office 2016 da Office 2019 ya ƙare. Kwamfutar da ke ɗauke da su ba za ta mutu ba. Za ta ci gaba da buɗe wasiƙu da lissafin albashi, sai dai duk ɓarakar da aka gano a jikinta daga yanzu babu mai ɗinke ta, in ba an biya kuɗi ba.

Lamarin ya faɗo ne daidai lokacin da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil ɗin takarda. Idan fayil ya bar kabad ya koma kwamfuta, lafiyar kwamfutar ta zama lafiyar fayil ɗin. Ga kuma wani cikas: Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta karɓar kowace na'ura. Tana neman guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma neman ƙwaƙwalwar Intel daga tsara ta takwas zuwa sama, wato wadda aka ƙera daga wajen 2017. Kwamfutoci da yawa da aka saya kafin wannan lokaci, da waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Turai ana sayarwa a Banex da ke Wuse 2, lafiyarsu ƙalau amma ba su cika sharaɗin ba.

Saboda haka tambayar da a da sai masu gyaran kwamfuta ke yi wa juna ta iso teburin daraktoci da mataimakan ministoci: wace babbar manhaja za a ɗora? Ana yawan ɗaukar tambayar a matsayin gasa tsakanin Windows da Linux, ko tsakanin ta kuɗi da ta kyauta. A ƙarƙashin wannan akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ta shafi kowace manhaja ko wane ne ya yi ta: shin a zaɓi wadda ke zaune wuri guda shekara da shekaru, ko wadda ke kawo sabon abu kowane mako?

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Idan ma'aikaci ya ce kwamfutarsa tsayayyiya ce, abin da yake nufi shi ne ba ta daskarewa a tsakiyar aiki. Masu haɗa manhaja kuwa wata ma'anar suke ba kalmar. A wurinsu tsayayyiyar manhaja ita ce wadda ba ta sauyawa: maɓallin da ke hagu yau yana nan a hagu baɗi, firintar da ta yi aiki a watan Janairu za ta yi a Disamba, kuma idan akwai wani aibi da aka sani, to shi ma yana nan inda aka san shi, an riga an koyi yadda ake kauce masa. Rikita waɗannan ma'anoni biyu shi ne tushen yawancin gardamar da ake yi. Sabuwar manhaja tana iya shekara ba ta daskare ba, amma ta sauya fuska sau goma. Tsayayyiya tana iya ɗauke da wani ɗan ciwo da ba za a warkar ba sai fitowa ta gaba.

A duniyar Linux ne aka fi ganin bambancin a fili, domin a can kowane rukuni yana bayyana manufarsa. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce uwar masu haƙuri. Kusan kowace shekara biyu take fitar da sabon zubi: na 12 ya fito a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025. Kafin fitowar ana daskarar da dubban manhajojin da ke ciki na tsawon watanni, ba a karɓar sabon abu sai gyaran kuskure. Bayan fitowar kuma ba a taɓa su sai don toshe ɓarakar tsaro ko wani babban aibi, kuma ko shi ɗin ana ciro facin ne kawai a liƙa wa tsohon zubin, ba a kawo sabon zubin gaba ɗaya. Wanda ya ɗora Debian 12 ya sami LibreOffice 7.4, kuma ita zai ci gaba da gani ko da masu LibreOffice, waɗanda ke fitar da sabon zubi duk wata shida, sun yi gaba sau huɗu. Tallafin tsaro yana kaiwa kimanin shekara biyar.

Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004 a kan harsashin Debian, ta raba hanyarta biyu. Duk wata shida akwai sabon zubi mai tallafin wata tara kacal. Duk shekara biyu kuma, a watan Afrilu, kamar 2020 da 2022 da 2024, akwai zubi mai dogon zango wanda ake tallafa wa shekara biyar, ko goma ga wanda ya yi rajistar Ubuntu Pro. Linux Mint, wadda masu barin Windows suka fi saurin sabawa da ita saboda kamannin fuskarta, a kan wannan mai dogon zangon take zaune. Fedora, da kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyi, tana fitowa sau biyu a shekara, kowane zubi yana rayuwa wata goma sha uku. A can ƙarshen layi kuma akwai Arch da openSUSE Tumbleweed, waɗanda ba su da wani zubi da za a jira. Manhaja na fitowa daga hannun mai ita, bayan 'yan kwanaki ta iso kwamfutar mai amfani. Ana ɗora su sau ɗaya, sai su yi ta gangarawa.

Wanda bai taɓa Linux ba ma yana cikin wannan ciniki, ko bai sani ba. Microsoft na fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata, da babban sauyi sau ɗaya a shekara. Kowane zubin shekara na Windows 11 yana da tallafin wata 24 ga Home da Pro, wata 36 ga Enterprise da Education. Akwai kuma wani reshe mai suna LTSC wanda ba ya karɓar sabbin siffofi sam, an tanade shi don na'urorin asibiti da na banki da makamantansu. Apple ma duk shekara take sauya macOS.

Rabin sakan

Babu labarin da masu goyon bayan haƙuri suka fi so kamar na Maris ɗin 2024. Wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund, wanda aikinsa na yau da kullum a kan rumbun bayanai na PostgreSQL yake, yana gwaji a kan reshen Debian da ba a daskarar ba, wanda ake kira sid. Sai ya lura cewa shiga kwamfutar daga nesa yana ɗaukar kusan rabin sakan fiye da yadda ya saba, kuma ƙwaƙwalwar na'urar tana wahala ba gaira ba dalili. Mutum dubu za su ga haka su wuce. Shi ya bi sawu, har ya kai ga wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux a duniya.

Abin da ya tarar ya girgiza masana. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mai kula da xz, mutum guda ɗan sa-kai da aiki ya yi wa yawa, yana gyara kurakurai, yana nuna kirki, har aka amince masa aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1, waɗanda suka fito a Fabrairu da Maris na 2024, ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta bai wa mai riƙe da wani mabuɗi na musamman damar shiga kwamfutar ya yi abin da ya ga dama. Freund ya fallasa lamarin ranar 29 ga Maris.

Abin lura shi ne inda gubar ta kai da inda ba ta kai ba. Ta shiga rassan gwaji na Debian, ta shiga reshen gwaji na Fedora, ta shiga Tumbleweed da Kali. Ba ta shiga Debian 12 ba, domin ita tana zaune a kan xz 5.4.1. Ba ta shiga Ubuntu 22.04 ba, wadda ke kan zubin da ya fi wannan ma tsufa. Jinkirin da ake yi musu gori a kansa shi ya zama katangarsu. Amma akwai wani gefen labarin da ba a cika faɗa ba. Ubuntu 24.04, mai dogon zango, saura makonni kaɗan ta fito a lokacin, kuma sai da kamfanin Canonical ya ɗage zubin gwajinta da mako guda ya sake gina manhajojinta. Da ba a sami wanda ke zaune a kan sabon reshe yana sa ido ba, da gubar ta bi layi ta shiga tsayayyun, ta zauna a cikinsu shekaru. Masu gaggawa su ne 'yan ɗanɗano na masu haƙuri.

Debian kanta ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 2006 wani mai kula da manhajar OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka da ya zaci ba su da amfani, ashe su ne ke sa mabuɗan sirri su zama ba a iya cankarsu. Kuskuren ya shiga tsayayyen zubi na 2007, ya zauna har Mayun 2008 kafin a gano shi, kuma duk mabuɗin da aka ƙirƙira a tsakanin sai da aka zubar. Daskarewa tana hana sabon aibi shigowa, tana kuma adana wanda ya riga ya shigo.

Tsohuwa daban, tsayayyiya daban

Kuskuren da ya fi yawa a ofisoshi ba zaɓen sabuwa ba ne. Shi ne a kashe sabuntawa gaba ɗaya, a bar kwamfuta yadda ɗan kwangila ya kawo ta, a kira wannan kwanciyar hankali. Hukumar lafiya ta Ingila ta ga ƙarshen wannan tunani. Ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da kwamfutocin Windows ke musayar fayil. Wata biyu bayan haka, ranar Juma'a 12 ga Mayu, manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓaraka ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle bayanai tana neman fansar dala 300. A Ingila ta taɓa kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitoci, an soke ganin likita kusan 19,000, an juya motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitocin. Yawancin kwamfutocin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin tana cikin tallafi. Maganin yana nan, ba a sha ba ne.

Ga kuma kishiyar wannan. Da ƙarfe 5:09 na asubahin Juma'a, 19 ga Yulin 2024, agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wani ɗan ƙaramin fayil ga duk abokan cinikinsa a lokaci guda. Fayil ɗin yana da kuskure. Cikin minti 78 aka janye shi, amma kafin nan kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙididdigar Microsoft, sun faɗi sun nuna shuɗin allo. Filayen jiragen sama sun koma rubuta tikiti da hannu, bankuna da asibitoci sun tsaya, kamfanin jiragen Delta na Amurka shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 a cikin kwana biyar. Gyaran kuma a wurare da yawa sai da mutum ya je gaban kowace kwamfuta ya goge fayil ɗin da hannunsa. Ba Windows ce ta aiko da kuskuren ba, amma ita ma tana da nata tabon: a Oktoban 2018 Microsoft ta janye babban sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitowarsa, saboda yana goge takardun wasu masu amfani.

Idan aka jera waɗannan aukuwa biyu, abin da ke fitowa shi ne sabuntawa iri biyu ce, kuma ba hukunci ɗaya ya hau kansu ba. Akwai facin tsaro, wanda jinkirta shi da wata biyu ganganci ne. Akwai sauyin siffa da sabon zubi, wanda karɓarsa a ranar farko a kan dukkan kwamfutocin ma'aikata shi ma ganganci ne. Amfanin manhaja mai dogon zango shi ne ta raba su: tana kawo na farko da sauri, tana riƙe na biyu har sai mai ita ya shirya. Windows 10 ta bayan Oktoban 2025, idan ba a biya mata ƙarin tallafi ba, ba ta cikin wannan aji. Ba ta sauyawa, gaskiya ne, amma ba ta samun ko ɗaya daga cikin biyun.

Jandarmomi, Munik da Google

Rundunar jandarmomin Faransa ta bi hanyar a hankali. Ta fara da sauya manhajar rubutu zuwa OpenOffice a 2005, sannan ta koma Firefox don shiga intanet, duk a kan Windows ɗin da jami'ai suka saba da ita. Sai a 2008 ta fara ɗora nata zubin na Ubuntu mai dogon zango, wanda ta sa wa suna GendBuntu. Lokacin da babbar manhajar ta sauya, jami'in da ke rubuta rahoto bai ga wani baƙon abu ba, domin kayan aikinsa su ne dai na jiya. Zuwa 2024 kwamfutoci sama da 100,000 ne ke kanta.

Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux tun 2003, ya kai kwamfutoci kusan 15,000 zuwa 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An yi ta muhawara a kan dalilin, wasu na cewa siyasa ce, wasu na nuna cewa Microsoft ta mayar da hedikwatarta ta Jamus cikin birnin. Amma daga cikin koke-koken ma'aikata akwai wanda ya shafi wannan batu kai-tsaye: sassa da dama sun daɗe a kan tsofaffin zubi, kuma takardun da ake musaya da sauran hukumomi suna zuwa a hargitse. Duk da haka jihar Shileswig-Holstain ta Jamus ɗin ta sanar a Afrilun 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Google kuwa ta yi akasin abin da ake zato. Shekaru da dama kwamfutocin injiniyoyinta suna kan Ubuntu mai dogon zango. Kamfanin ya bayyana cewa duk bayan shekara biyu, ɗaga na'urori sama da 100,000 zuwa sabon zubi yana cinye kusan shekara guda, yana gajiyar da ma'aikata, kuma kafin a gama an fara hango na gaba. Sai ya koma kan reshen gwaji na Debian, yana karɓar sauyi kaɗan-kaɗan kowane mako a maimakon babban tsalle guda. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu son sabuwa, kuma gaskiya ce: bashin sauyi ba ya yafuwa, tara shi kawai ake yi. Sai dai kafin Google ta yi haka ta gina na'urar gwaji da ke tace kowace manhaja, kuma kowane sauyi yana fara sauka ne a kan kashi ɗaya cikin ɗari na kwamfutocin, a zuba ido, kafin a sake shi ga saura. Ma'aikatar da sashen kwamfutarta mutum huɗu ne, biyu daga ciki masu yi wa ƙasa hidima da za su tafi baɗi, ba ta da wannan gata.

Lissafin Abuja

A nan ne yanayin wuri ke shigowa. Manhaja mai gangarawa tana saukar da ɗaruruwan megabayit a mako, wani lokacin fiye. A ofishin da ke kan layin Galaxy Backbone wannan ba komai ba ne, amma mataimakin da ke raka mai gidansa rangadi yana jona kwamfuta da wayarsa zai ji a aljihunsa. Wutar lantarki ma tana da nata hukuncin. Sabuntawar da ta taɓa zuciyar manhaja, idan wuta ta ɗauke a tsakiyarta kuma babu batirin tsaye, tana iya barin kwamfutar tebur ba ta tashi. Wanda ke yin irin wannan aiki sau biyu a shekara da wanda ke yin sa sau biyu a mako ba haɗari ɗaya suke ɗauka ba. Ga na'urorin da ke kewaye da kwamfutar: tsohuwar firinta, sikana, na'urar ɗaukar zanen yatsa. Kowace tana dogara da ƙaramar manhajar da masu gyara ke kira direba, kuma kamfanonin da ke yin su sukan gwada su ne a kan Windows da zubin Linux mai dogon zango, ba a kan wanda ya fito shekaranjiya ba.

Tsayayyiya ma tana da kuɗin da ake biya, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. Sabuwar kwamfutar cinya da aka ƙera bana tana iya ƙin kama intanet ko ƙin fitar da sauti a kan Debian ɗin da aka daskarar shekara biyu da suka wuce, domin zuciyar Linux, wadda ake sabuntawa kusan duk mako tara zuwa goma, ba ta san wannan na'ura ba a lokacin. Takardar da aka tsara da sabuwar Word tana iya buɗewa a tsohuwar LibreOffice jadawalinta ya goce, lambobin sakin layi sun sauya wuri. Ga mai rubuta wa kansa wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ke shirya takardar da za ta shiga zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya, shafin da ya goce abin kunya ne da za a daɗe ana tunawa. Ya kamata kuma a faɗa a fili: Microsoft Office ta kan tebur ba ta aiki a Linux, sai dai ta cikin burawuza. Sashen da rayuwarsa ta rataya a kan manyan jadawalan Excel masu ɗauke da umarnin da aka rubuta shekaru goma da suka wuce, shawararsa ta riga ta yanke kanta.

Abin da ya sassauta gardamar a 'yan shekarun nan shi ne an sami hanyar raba harsashi da ɗaki. Yawancin aikin gwamnati yanzu ta burawuza yake bi, daga GIFMIS zuwa Remita zuwa wasiƙun ofis, kuma burawuza ita ce ƙofar da ɓarayi suka fi ƙwanƙwasawa. Ita ce ya wajaba ta kasance sabuwa, kuma hakan yana yiwuwa ko a kan tsohon harsashi. Firefox na fitowa a kai a kai, tana kuma da zubi na musamman don hukumomi, wanda ke karɓar facin tsaro amma fuskarsa ba ta sauyawa sai kusan shekara-shekara. Tsarin Flatpak da Snap suna ba da damar ɗora sabuwar LibreOffice a cikin akwatinta, ba tare da an taɓa sauran manhajar ba. Ubuntu mai dogon zango tana kawo sabuwar zuciya lokaci-lokaci don sabbin na'urori. Da waɗannan, dalilin da zai sa magatakarda ko akanta ya zauna a kan manhaja mai gangarawa ya ragu ƙwarai. Wanda ya rage mata shi ne mai rubuta manhaja, da mai binciken tsaro, da wanda gyaran kwamfuta abin sha'awarsa ne kuma yana da ta biyu a ajiye.

Akwai kuma batun wane ne ke da ikon zaɓi. Kwamfutar ofis dukiyar gwamnati ce, kuma sauya mata babbar manhaja ba hurumin wanda ke zaune a gabanta ba ne, na sashen fasahar sadarwa ne, a ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar NITDA. Inda zaɓin ke hannun mutum shi ne kwamfutarsa ta kansa, wadda a gaskiya mataimaka da yawa a kanta suke rubuta jawabai da ajiye jerin sunaye da lambobin waya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su da matakan da suka dace. Zai yi wuya a kare kai a gaban hukumar da ke kula da dokar idan bayanan sun fita ta kwamfutar da mai manhajarta ya sanar, shekaru kafin lokaci, cewa ya daina kula da ita. Haka nan kwafin Windows na sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa, wanda sau da yawa an toshe masa hanyar sabuntawa don kada a gane shi, ya haɗa aibin ɓangarorin biyu: ba sabo ba ne, ba kuma mai tallafi ba.

Ga ma'aikatar da ba ta shirya ba, Microsoft ta buɗe ƙofar sayen lokaci. A sanarwarta ta farko, ta bai wa mai kwamfutar gida damar samun ƙarin facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Hukumomi kuwa dala 61 ne a kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara uku, kuma wanda ya shigo a makare sai ya biya na shekarun da suka wuce. A ɗauka wata hukuma tana da kwamfuta 500 da ba za su ɗauki Windows 11 ba. Shekarar farko dala 30,500 ce, ta biyu 61,000, ta uku 122,000, jimilla dala 213,500, a biya da naira a farashin ranar biya. A Oktoban 2028 kuɗin sun tafi, kwamfutocin sun ƙara shekara uku, tambayar kuma tana nan a kan teburin Babban Sakatare. Kwamfutocin nan 500, idan aka gwada ashirin daga cikinsu a kan Ubuntu 24.04, tallafinta na kyauta yana kaiwa 2029. Debian 13 kuma tana kaiwa 2030.